Sabuwar suwaita ko ta cikin kwando? Lissafin mai saƙa kafin sanyin Maraɗi ya shigo

Kwanan baya, bayan sallar isha'i, ƙanwar maigidana ta turo mini hotuna bakwai a WhatsApp, duk na rigunan sanyi saƙar hannu, ta bi su da saƙon murya: "Yaya, don Allah wacce zan fara? Wallahi na kasa barci." Na san ciwon, don ni ma yana kama ni duk shekara da zarar iskar kaka ta fara juyawa. Ki kwanta a tsakar gida kina ta jan allon salula, daga Pinterest zuwa YouTube zuwa Ravelry, shafin masu saƙa, wannan mai kitso a ƙirji, waccan mai ado zagaye da wuya, har kuɗin intanet ya ƙare ba ki sani ba. Gari na wayewa zuciya ta ce a tafi kasuwa sayen zare. Alhali a ƙarƙashin gado akwai kwando, a cikin kwandon akwai wata riga tun ta bara, hannu ɗaya ya rage mata.

Amsar da na ba ta ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na rubuta ta nan. Hanyoyin da ke gaban mai wannan ruɗani su ne: ta ƙarasa tsohuwar, ta fara sabuwa da allura biyu, ta fara daga wuya zuwa ƙasa da allura mai igiya, ta rungumi rigar hoton nan mai kitso ko launuka, ta ɗauki kwarashi, ta kai wa mai inji, ko ta nufi layin ƴan gwanjo. Duk na taɓa bin su, wasu na dawo da riga, wasu na dawo da takaici.

Abin da za a auna kafin a taɓa zare

Na farko kalanda, kuma ita ce uwar sauran. Sanyin Maraɗi baƙo ne mai gajeren zama. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu yake cizo da gaske, shi ma da asuba da dare. A Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 13 zuwa 15 kafin fitowar rana, amma kafin azahar ya haura ya doshi 30. In Afrilu ya zo kuwa, ko ganin ulu mutum ba ya son yi. Ke nan rigar da za ki kashe wa ido da baya, sati takwas za a sa ta a shekara, awa uku ko huɗu a yini. Rigunan da ke ruɗin mu a waya kuma ba don irin wannan sanyi aka ƙirƙire su ba. Mai kitso mai kauri daga tsibiran Aran ta fito, a yammacin Ailan, inda iskar teku ke kaɗawa. Mai ƙananan launuka jere-jere ta wani ɗan tsibiri ce a arewacin Sikotlan, Fair Isle. Mai ado zagaye da wuya kuwa an fi sanin ta da Aisilan. A can mutum kan wuni cikin rigarsa wata da watanni.

Ga lissafin da malamarmu a gidan koyon sana'a na mata ta sa mu yi a allo, kuma har yau ban manta ba. Kowane madaukin zare da ke kan allura "ido" take ce masa. Da zare matsakaici da allura mai kaurin milimita 4, ido 22 ne ke ba da faɗin santimita 10, layi 30 kuma ya ba da tsawon santimita 10. Babban mutum mai faɗin ƙirji santimita 100 yana buƙatar ido 220 a zagaye ɗaya. Daga hamata zuwa ƙugu santimita 40, layi 120 ke nan, ido 26,400 a gangar jiki kawai. Ki ƙara hannuwa biyu da kafaɗa, jimilla ta haura 50,000. Mai yin ido 20 a minti ɗaya, ba tare da kuskure ko tsayawa ba, za ta ci sama da awa 40. A gaskiya da warwara da sake ƙirge da kukan yaro, ki ce awa 60. In awa ɗaya kike samu a rana bayan girki da shara, wata biyu cur. Wadda ta fara a tsakiyar Disamba za ta ɗinke wuya ne ranar da aka fara neman fanka.

Na biyu kuɗi. Ba zan faɗi farashin zare da sefa ba, don yawancinsa ta Kano da Katsina yake shigo mana, ta Jibiya da Ɗan Issa, farashinsa kuma rawar naira yake bi. Gara a ƙirga da giram: suwaitar babba da matsakaicin zare takan ci giram 400 zuwa 600, wato mita 1,100 zuwa 1,400, ta yaro ɗan shekara huɗu kuwa wajen giram 200. Ki tambayi kuɗin dunƙule ɗaya yau, ki duba nauyinsa, ki ninka. Sai kuɗin samfurin kansa, wato rubutaccen bayanin yadda ake saƙa rigar. Ravelry, wanda aka buɗe a Amurka a 2007, shiga kyauta ne, kuma akwai samfura na kyauta birjik, amma da yawa daga masu ɗaukar ido na sayarwa ne. In an ce yuro 6, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kusan jaka huɗu ke nan, ga kuma neman mai katin banki da zai biya miki. DROPS, masu zaren saƙa na ƙasar Norwe, kuwa kyauta suke ba da nasu, har da fassarar Faransanci, abin da ke sauƙaƙa wa wadda ta yi lakwal a nan.

Na uku ƙarko, kuma a wurinmu ƙarko yana nufin jure wankin hannu a bahon roba, da jar ƙurar hunturu, da kwanciyar wata goma a cikin akwati. Na huɗu sauƙi: hannunki ya kai? Kayan aikin akwai su a gari? Na biyar haɗari, wanda kashi uku ne: zare ya ƙare a tsakiyar aiki, riga ta fito ba daidai jikin mai ita ba, da kuma wuta.

Maganar zare, don ita ke yanke rabin hukunci

Abin da muke kira zaren ulu a kasuwa, kusan dukansa ba ulu ba ne, akirilik ne, ɗan'uwan roba da aka sarrafa daga sinadaran man fetur. Ba abin mamaki ba ne. Tumakinmu, balami da uda, gashi gare su gajere, ba a sausayar su a kaɗa. Jar akuyar Maraɗi ma da fata ta yi suna a duniya. Ulu na gaske baƙo ne a nan.

In kina shakka, yanko tsawon yatsa ki kusanta shi da ashana a bakin murhu. Ulu na gaske zai yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago ranar layya, ya mutu da kansa, ya bar toka mai murmushewa. Auduga za ta ci kamar takarda. Akirilik zai narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙodago mai tauri. Wannan ƙodagon shi ne abin tsoro, don lokacin sa suwaita shi ne lokacin jin ɗumi, yara sun kewaye kaskon gawayi, tsofaffi sun miƙa hannu kan rushi. Akirilik in ya kama, narkewa yake ya manne a fata. Duk rigar da za a yi wa yaro ko tsohuwa, a ɗame bakin hannunta, kada a bar shi yana lilo.

Ban da wannan, akirilik ya dace da mu fiye da yadda masu saƙar Turai ke raina shi. Asu ba ya cin sa, ba ya tsukewa a wanki, yana bushewa da wuri. Aibinsa ƴan gudajin da yake tarawa a hamata da gefen ciki, da kuma cewa in dutsen guga mai zafi ya taɓa shi ya mutu ke nan, ya saki ba ya komawa. Ulu ya fi ɗumi da numfashi, amma ruwan zafi da cuɗa suna cukurkuɗa shi, rigar uba ta koma ta ɗa, kuma sai da kafur yake kwana lafiya a akwati. Auduga ba ta ƙaiƙayi, ta dace da sanyin da bai kai ya kawo ba, sai dai nauyi, kuma in ta miƙe ta miƙe.

Abu ɗaya da na koya da kuka: a sayi zaren duka rana ɗaya, daga ƙunshi ɗaya. A hunturun 2023, lokacin da iyakar Najeriya ke rufe kaya suna wahalar shigowa, na fara wa babban ɗana wata kore shar. Na ƙiyasta da ido, na sayi abin da na ga zai isa. A gwiwar hannu na biyu zare ya ƙare. Na hau kabu-kabu na koma wurin mai shagon, ya ce, "Hajiya, ai irinsa ne sak, kamfani ɗaya." A cikin inuwar rumfa haka ne. Da na ƙarasa na shanya a igiya rana ta haska, sai ga hannu ɗaya ganyen zogale, ɗaya ganyen mangwaro. Rini kowane zubi da nasa fuskar, shi ya sa masu zaren kirki ke buga lambar zubi a takardar dunƙule. Namu na kasuwa sau da yawa babu lambar, don haka ki ƙara dunƙule biyu a kan lissafinki. In sun rage, hula da safar jariri suna jira.

Ta cikin kwando

Ita ce mafi araha, don an riga an biya. Ita ce kuma mafi saurin kaiwa jiki cikin saƙar hannu: hannu ɗaya na babba wajen ido 8,000 ne, aikin sati guda. Matsalarta zuciya ba ta so, hoton waya ya fi ta kwalliya. Akwai kuma haɗari na zahiri guda biyu. Hannun mutum yana canzawa, saƙar bara da ta bana ba lalle su zo da tsauri ɗaya ba, musamman in kin manta lambar allurar da kika yi amfani da ita. Sannan in ta yaro ce, yaron bai tsaya jiran ki ba. Kafin ki ci gaba, ki ɗora ta a bayansa ki gani. In ta yi kaɗan kuma babu ƙane mai gado, a warware ta, zaren ya zama jarin sabuwa. Wannan ba asara ba ce, kuma yana kashe ƙishirwar fara sabon abu ba tare da an taɓa asusu ba.

Allura biyu, gunduwa huɗu

Wannan ce saƙar iyayenmu: gaba, baya, hannu biyu, kowanne a saƙa shi shimfiɗe, daga baya a haɗa da babbar allura. In aka zaɓi mai saukakkiyar kafaɗa, gaba da baya kusan murabba'i ne, ba ragi ba ƙari sai a wuya. Allurai miƙaƙƙu ana samun su a gari ba wahala, kuma duk unguwa akwai wata gwaggo da za ta duba miki in kin rikice. Gunduwa ɗaya ba ta da nauyi a cinya, abin da ke da muhimmanci in a Oktoba ko Nuwamba kike aikin, rana tana da sauran ƙarfi.

Ta fuskar ƙarko ita ce gaba, don ɗinkin gefe da na kafaɗa kamar ginshiƙi suke, suna hana riga zubewa bayan wanki goma, musamman ta auduga ko akirilik mai laushi. Inda take cizo shi ne ba ki sanin ko ta yi daidai sai kin gama komai kin haɗa. Maganin wannan ɗan gwaji ne, kuma na san ba mai son yin sa. Saƙa ɗan murabba'i mai faɗin tafin hannu, wanke shi, bar shi ya bushe, sa ma'aunin tela ki ƙirga. In samfuri ya ce ido 22 ke kuma hannunki ya ba da 20, rigar santimita 100 za ta fito 110. Sai ki sauka zuwa allura mafi siriri ki sake gwadawa. Awa ɗaya ce, tana ceton sittin.

Sai haɗawar kanta. Rabin rigunan da ke kwance a kwandunan Maraɗi, na rantse, an gama saƙa su, ɗinki ne aka yi wa ƙiwa.

Daga wuya zuwa ƙasa

A nan zan daɗe, don ita na fi so, kuma ita ta fi yawa a sababbin samfuran da ake gani a intanet. Ana farawa daga wuya da allura mai igiya, wato gajerun allurai biyu da siririyar igiyar roba ta haɗa su, ana zagayawa ana ƙara ido takwas duk bayan layi ɗaya a wurare huɗu, har kafaɗa ta buɗe. Layukan ƙarin su ne ke gangarowa a karkace daga wuya zuwa hamata. Sunan wannan yanka raglan, daga wani hafsan sojan Ingila da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin Waterloo a 1815. In an kai hamata sai a zare idanun hannuwa a ajiye su a kan wani zare daban, a ci gaba da gangar jiki, daga baya a dawo kansu.

Amfaninta a wurinmu biyu ne, kuma duka biyun suna maganin ciwon da na ambata a sama. Na ɗaya, ana gwada ta a jiki tun tana kan allura. Ki kira yaron daga wasa, ki zura masa ta kai, ki ga inda ta tsaya. Na biyu, in zare ya nuna alamar ƙarewa, ke ke da iko: ki gama hannuwa tukuna, sauran ki zuba a tsawon jiki har inda ya kai. Da haka na yi koren nan, da ba a yi abin kunya ba. Ga wani ƙarin alheri ga mai yara: tunda a ƙasa aka rufe saƙar, baɗi sai a kwance bakin, a ƙara santimita biyar a jiki da hannuwa, ko da wani launi ne, ta sake shekara.

Zaren da take ci daidai yake da na mai gunduwa huɗu. Ƙarin kuɗin yana wurin allura: ana buƙatar mai igiya doguwa ta santimita 80 don jiki, da gajera ta santimita 40 don wuya, hannuwa kuma ko dai ƙananan allurai masu tsini biyu ko a koyi dabarar lanƙwasa doguwar igiyar. Ba kowane shago ke da su ba, wani lokaci sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Kuma ki duba mahaɗar igiya da ƙarfe tun a shago, ki shafa da yatsa. In akwai ɗan kaifi, zai riƙa kama zare sau dubu hamsin, in kuma ta cire a tsakiyar aiki, ido ɗari biyu za su zube a cinyarki lokaci guda. Ya taɓa faruwa da ni ana tsakiyar hira a gidan suna, sai da na kasa cin tuwon.

Rauninta: rashin ɗinki yana sa ta ɗan saki da shekaru, kuma daga tsakiyar aiki rigar gaba ɗaya tana kan cinya kamar bargo. Shawarata a nan, wadda na fi tsayawa a kai fiye da komai a rubutun nan, a yi ta mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai. Mace ba sai ta kwance ɗankwali ko ta ɓata kitso ba kafin ta cire, tana shiga ƙarƙashin hijabi lafiya, ɗan makaranta kuma in rana ta ɗaga sai ya ɓalle maɓallai maimakon ya tuɓe ya mance ta a aji. Mai buɗaɗɗen gaba ana zuwa ana dawowa ne maimakon zagaye, don haka ta ɗan fi cin lokaci.

Rigar hoto

Ita ce ta hana ƙanwar tawa barci: farar ƙal, kitso uku a gaba, lu'ulu'u a tsakiya. Kitso a saƙa ana yin sa ne da ɗauke wasu idanu a ƴar ƙaramar allura a tsallakar da su kan ƴan'uwansu. Wannan tsallake yana tsuke faɗi, don haka ana buƙatar ƙarin ido da ƙarin zare, rigar ta fito da kauri da nauyi. Mai launuka kuwa, zaren da ba a saƙa da shi a wannan idon yana bi ta baya, ke nan rigar ninki biyu ce. A Maraɗi wannan riga ce ta mai fita da babur da asuba, ko mai gadi, ko ɗan kasuwar da ke sammakon zuwa ƙauye. Wanda ba su ba, kafin hantsi ya jiƙe da gumi.

Ga ƙura. Fari mai kitso a watan Janairu, kwana biyu ya koma kalar ƙasa, ƙurar kuma cikin lungunan kitson take kwanciya. Ga hankali da take nema: dole ido na kan taswirar samfuri, ba a yin ta ana hira, ba a yin ta da fitilar salula in an ɗauke wuta. Ban ce kada a yi ba, don daɗin saƙa ma wani abu ne, kuma ba don sanyi kaɗai muke yi ba. Amma a fara ta da sanin cewa ta baɗi ce. In kuma kitson ne ya shiga rai, a ɗauki guda ɗaya a ɗora shi a tsakiyar hannun riga mai sauƙi, ko a huce a kan hula.

Kwarashi

Mafi yawanmu da shi muka fara, da hular jarirai da marfin kwano. Ƙugiya ɗaya, ido ɗaya a kai, in ya zame ba abin da ke zubewa. Yana sauri, kuma in aka yi rigar da ƙananan murabba'ai ana haɗawa, kowane guntun zaren da ya rage a gida ya samu aiki, bambancin rini ma ya zama ado. Amma ya fi allura cin zare, galibi ana ƙiyasta ƙarin kashi ɗaya cikin uku, kuma saƙarsa ta fi tauri, ga ƙofofi da iskar hunturu ke bi. Ya fi kyau a rigar sama mai buɗaɗɗen gaba ko marar hannu. A kula da abu ɗaya: a samfuran Turanci, Amurka da Ingila suna kiran saƙa daban-daban da suna iri ɗaya, sai ki tabbatar na wace ƙasa kike bi kafin rigar ta fito rabin tsawonta.

Mai inji

Injin saƙa tsohon abu ne, tun 1589 wani Bature William Lee ya ƙera na farko a Ingila don saƙa safa. Irin na gida da ake gani wurin mata masu sana'ar yana da allurai 200 a jere, turawa ɗaya layi ɗaya. Abin da zai ci miki wata biyu, ita kwana ɗaya ko biyu ne in ba layin masu jira. Siririn zare yake ci, rigar takan fito da sauƙin nauyi, wanda ya dace da sanyinmu sosai. Za ki biya zare da ladan aiki. Haɗarin irin na tela ne ana gobe salla: in kika kai a Disamba, kin tarar da rigunan ƴan makaranta jibge a gabanki. Ki kai ma'auni a rubuce, ko wata rigar da ta yi wa mai ita daidai, kuma ki duba haɗin hamata kafin ki biya cikon kuɗi. Sai dai fa ba ta kashe ƙaiƙayin hannu.

Gwanjo

In don ɗumi ne kawai, babu mai kayar da gwanjo a farashi. Amma ga mai saƙa yana da wani amfani: nan ne kaɗai ake tsintar ulu na gaske da kuɗi kaɗan. Ki nemi babbar riga ta maza, ki juya cikinta ki duba ɗinkin gefe. In kika ga kamar sarƙa siririya tsakanin gefuna biyu lafiyayyu, za ta warwaru tiryan-tiryan. In kuwa an yanke gefen an bi shi da ɗinkin inji mai kama baki, bar ta, guntaye za ki samu. Bayan warwara a naɗe zaren a bayan kujera, a ɗaure, a jiƙa a ruwan sanyi da ɗan sabulu ba cuɗa, a rataye a inuwa ya miƙe. Aikin kwana biyu ne, kuma wadda ta riga ta cukurkuɗe ba ta warwaruwa.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci ga babba | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta cikin kwando | An riga an biya | Sati 1 zuwa 2 | Gwargwadon zarenta | Sai haƙuri | Ta yi wa mai ita kaɗan |
| Allura biyu | Giram 400 zuwa 600 | Wata 2 | Mafi ƙarko | Mai koyo za ta iya | Ba a gwadawa sai an gama |
| Daga wuya | Zare kamar na allura biyu, ƙarin kuɗin allura | Wata 2 | Tana ɗan saki | Matsakaici | Igiyar allura ta cire |
| Rigar hoto | Mafi tsada | Wata 3 ko fiye | Mai ƙarko, wuyar wanki | Sai gwana | Ta wuce sanyin bana |
| Kwarashi | Ƙarin zare kashi ɗaya cikin uku | Wata 1 | Mai ƙarko | Mafi sauƙi | Tauri da shigar iska |
| Mai inji | Zare da ladan aiki | Kwanaki | Ya danganta da haɗi | Ba aikinki ba ne | Layi da saɓa alkawari |
| Gwanjo | Mafi araha in saye za a yi | Nan take | Sa'a ce | Sai iya zaɓe | Asu ya riga ki |

Lokutan da ke teburin na mai samun awa ɗaya ne a rana.

Wa ya dace da wacce

In Nuwamba ya riga ya raba kuma akwai wanda ke jiran rigar bana, ki jawo kwando, ko ki kai wa mai inji tun layi bai yi tsawo ba. In ɗan makaranta ne mai fitar safe, daga wuya zuwa ƙasa, mai maɓallai, akirilik mai duhun launi: wajen awa 20 ce, kuma za a ƙara mata tsawo baɗi. In wannan ce suwaitarki ta farko, allura biyu da saukakkiyar kafaɗa, kuma ki fara da ta yaro. Mai tarin guntayen zare da ƙaramin jari ta ɗauki kwarashi. Tsohuwa mai zama kusa da kasko a nema mata ulu na gaske daga gwanjo, ko a ba ta yadda yake ko a warware a sake mata daidai jikinta. Maigida mai sammako a kan babur shi da irinsa ne kaɗai suka cancanci mai kitso, ita ma a fara ta bayan sanyi ya wuce, ana yi da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma kada a yi ta da farin zare.

Ƙanwar tawa, da na gama zuba, ta yi shiru sannan ta ce, "To Yaya, ni dai mai kitson nan." Na ce ta kawo kwandonta in gani tukuna. Jiya ta zo da shi a kan kabu-kabu: riguna biyu, ɗaya ba wuya, ɗaya ba hannu, da hula rabi. Mun yi da ita za ta rufe wuyan ta farko kafin Juma'a, ni kuma in ara mata ƙaramar allurar kitso ta gwada a kan hular.